Dutsen da Yaya Habibu Ya Tafi Ɗaukowa

Bana shekara tara ke nan da yayana, Malam Habibu, ya fita daga gidansa da ke Galtimari da wani tsohon buhu a naɗe a hammatarsa, bai sake dawowa ba. Ni ce autar ɗakinmu, Hadiza, wadda shi kaɗai ya ci gaba da kira Dije har bayan na yi jikoki. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana na daure, domin na lura waɗanda suka san shi suna ta raguwa, yaran da ke tasowa kuma abin da kawai suka ji shi ne wai an yi wani malami da ya tafi ɗauko dutse aka kashe shi a hanya. Maganar gaskiya ce, amma in an bar ta haka tsirara sai ta zama kamar labarin wawa, shi kuwa Yaya ba wawa ba ne.

Mahaifinmu, wanda duk gidan muke kira Alhaji, Bakano ne. Fataucin fata ya kawo shi Maiduguri yana saurayi, ya sami wuri a Abbaganaram ya zauna, a nan aka haife mu duka. A cikin gida Hausa muke yi, da mun leƙa waje kuma sai Kanuri. Yaya shi ne babba, kowa ya ɗauka shi zai gaji rumfar Alhaji. Sai ya tafi jami'a ya karanta tarihi. A wani hutu malamansu suka kwashe su zuwa gabas, wajen baƙar ƙasar nan mai shimfiɗe kamar faifai da ake kira firgi, inda ake ganin tuddai jefi-jefi a tsakiyar fili. Ya dawo ya ce mana tuddan nan tsofaffin garuruwa ne. Mutane sun zauna sun shuɗe, wasu suka zo suka yi gini a kan kufansu, wasu kuma a kan na waɗancan, har ƙasa ta yi tudu. Ya ce a ciki ya ga mutanen da aka kwantar a gefe ɗaya an tanƙwashe musu ƙafa kamar masu barci, ya ga wasu an sa su a manyan randuna an kife da wata randar. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani dutsen niƙa da aka ajiye kusa da kan wata gawa. A duk faɗin wannan ƙasa babu dutse ko na jifan tsuntsu. Ke nan wani ne ya ɗauko shi a ka daga duwatsun kudu, tafiyar kwanaki, aka yi ta niƙa a kansa, da mai shi ta mutu kuma aka haƙura da shi aka bar mata.

Daga wannan hutu aka rasa Yaya a rumfa. Alhaji bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Na tuna wata rana bayan la'asar yana zaure yana duba fatu, Yaya ya shigo ƙafafunsa futu-futu, sai ya ce masa, "Habibu, kowa na neman abincinsa wajen masu rai, kai ka tafi nema wajen matattu. Matattun ma na mutanen da ba su taɓa jin kiran salla ba."

Yaya ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a zamaninsu bai iso ba tukuna. So nake kawai in san yadda suka zauna."

Alhaji ya ci gaba da juya fatunsa. A unguwa kuwa har suna aka sa wa Yaya, wai Mai-tonon-kabari. Lokacin da ya nemi auren Ya Falmata, 'yar Kanuri daga Umarari, sai da wani kawunta ya yi tattaki har gidanmu don ya tabbatar ba matsafi za su ba 'yarsu ba. Ranar Alhaji ba ya gari, kawun ya iske Yaya yana jan sallar magariba a ƙofar gida. Ya bi shi, aka sallame, ya sha ruwa ya koma, maganar tsafi ta mutu a nan.

Aikin koyarwa ya samu, amma da an yi hutun rani sai ya haɗa kayansa ya nufi duwatsun kudancin Borno. Akwai wani ƙauye a gindin dutse, ba zan kama sunansa ba domin mutanensa sun sha wahalar da ta ishe su. A samansa akwai wani fili da aka kakkafa manyan duwatsu a tsaye, wasu a jere, wasu a kewaye kamar dattawa masu shawara. Mutanen ƙauyen sun ce kakanninsu haka suka tarar da su. Su ma suna binne nasu ƙasa da wurin kaɗan, su kafa wa kowane mamaci dutse, amma ƙarami. Na saman kuwa akwai waɗanda suka fi mutum tsawo. Mai kula da wurin wani mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, Baba Tada, wanda ya musulunta da girmansa amma bai saki wannan gado na gidansu ba. Shekarar farko ko hawa bai bar Yaya ya yi ba. Daga baya ya bar shi ya auna ya zana. Sai da suka daɗe tare sannan ya yarda a buɗe kushewa ɗaya, da sharaɗin duk abin da aka gani a mayar da shi yadda aka same shi.

A wannan shekarar ce na taɓa zuwa, sau ɗaya tak a rayuwata. Ina makarantar horon malamai a lokacin, na dame shi har shi da Ya Falmata suka tafi da ni. Na hau dutsen ina haki na iske ramin a buɗe. Yaya ya cire takalmansa ya ajiye a baki kafin ya shiga, kamar mai shiga ɗakin surukai. Tsoro ya hana ni matsawa sai da ya kira ni. Mace ce, in ji shi, tana kwance a gefenta, ƙasusuwan sun riƙiɗa sun zama launin ƙasa, ga jigidar duwatsu a ƙugunta, ga 'yar tukunya wajen kanta. A cikin hannunta akwai wasu ƙasusuwa sirara kamar na tsuntsu. Sai da na daɗe ina kallo na gane jariri ne.

"Dije, dubi hannun," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Gawa ba ta rungumar yaro da kanta. Wani ne ya durƙusa nan inda nake, ya ɗaga hannunta ya ɗora a kansa. Da ya fito kuma suka je suka jawo wancan dutsen."

Na ɗaga kai na dubi dutsen. Ban san maza nawa za su iya motsa shi ba, ga hawa, ga rana, babu mota babu amalanke. Na tsuguna na yi kuka a kan matar da ba wanda ya san sunanta ko yaren da take yi wa ɗanta wasa da shi. Da Yaya ya gama zane da ɗaukar hoto, shi da Baba Tada suka mayar da ƙasa da hannuwansu. Ko ƙwayar jigida ɗaya ba a ɗauka ba.

Bayan shekaru kaɗan maciji ya sari Yaya a saman dutsen nan. Baba Tada ne ya goya shi a bayansa ya sauko da shi ta hanyar da mai lafiya ma sai ya dafa ƙasa, ya nemi keke aka kai shi asibiti. Tun daga ranar, in Yaya ya ce masa Baba, da gaske yake.

Daga baya aiki ya kai shi nesa. Ya je Senegal da Gambiya ya ga jajayen duwatsu da aka sassaƙa aka kafa a da'ira a kan kaburbura, ya je hamadar Nijar ya ga inda ake tara duwatsu tsibi a kan mamaci. Kowace tafiya da magana ɗaya yake dawowa, cewa mutanen nan ba su san juna ba, ba su taɓa jin labarin juna ba, amma dukansu sun ƙi yarda nasu ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Duk da haka bai taɓa yi wa kansa sha'awar irin wannan ba. Yakan ce shi dai a ba shi kabarin Musulmi, likkafani da itace da ƙasa, babu jigida babu tukunya, attajiri da matalauci faɗi ɗaya.

Alhaji bai taɓa cewa ya sauko daga ra'ayinsa ba, ba halinsa ba ne. Amma a ciwon ajalinsa, Yaya na matsa masa ƙafa ina zaune ina fifita shi, sai ya buɗe ido ya ce, "Habibu, mutanen nan naka na dā, suna yi wa gawarsu wanka?"

"Ban sani ba, Alhaji. Ruwa ba ya barin alama. Amma suna gyara mata kwanciya."

Alhaji ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "To, ashe 'yan Adam ne." Da ya rasu, Yaya ne ya shiga kabarin ya karɓe shi ya gyara masa kwanciya.

Sai fitina ta zo. Ba sai na ba mutanen Maiduguri labarinta ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda muke kira yaran nan, don ba ma son kama sunansu, suka mamaye ƙauyukan kudu. Mutanen Baba Tada suka watse, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka yo nan a ƙafa. Yaya ya yi ta bin wuraren da aka sauke 'yan gudun hijira har ya gano shi a harabar wata makaranta, zaune kan tabarma shi da ɗansa Buba, ya rame har da ƙyar ake gane shi. Ya kwaso su ya kawo Galtimari, ya ba su ɗakin zauren da yake ajiye littattafansa.

Baba Tada bai taɓa sabawa da garin nan ba. Yakan ce garinmu ba shi da inda ido zai jingina, duk inda ka duba sai sarari. Da hantsi sai ya fito da tabarmarsa ƙofar gida ya fuskanci kudu, haka zai zauna har azahar. Ya Falmata ta yi ta ƙoƙarin yi masa irin tuwonsu da miyarsu, yana ci yana sa mata albarka, amma jikin na ta tafiya. Ranar da ya ji abin ya zo, ya sa Buba ya kira Yaya. Ya Falmata na tsaye a bakin ƙofa, ita ta faɗa mini yadda suka yi.

"Malam," in ji shi, "na san nan za ku sa ni, a cikin yashi. Ban ƙi ba, duk ƙasar Allah ce. Amma kada ku bar ni ba dutse. Ko kamar kan mutum ne, a ɗauko daga gida a ɗora mini, don in jikokina sun zo nema su same ni."

Yaya ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, in Allah ya buɗe hanya, ni da Buba za mu kawo."

Da ya cika, aka yi masa sutura irin ta Musulunci, aka kai shi maƙabartar da Alhaji yake, aka kafa masa tsingaro da guntun itace kamar kowa. Yaya ya tambayi malamai, suka ce masa babu laifi a sa dutse a kabari don a gane shi, muddin ba gini za a yi ba, ba kuma girmama dutsen za a yi ba. Daga nan ya zauna jiran hanya.

Da aka fara cewa hanyar kudu ta buɗe, motoci na tafiya a ayari da rakiyar jami'an tsaro, sai na ji Yaya na shiri. Na je gidan da safe na same shi a tsakar gida yana kakkaɓe buhu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na faɗi abin da ke raina.

"Yaya, dutse ai dutse ne. Ga su can tifa na saukewa wajen masu gini. Ka ɗauki ɗaya ka ɗora masa, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Dije. Buba ma zai sani."

"Kana da iyali. Hanyar nan an ce ta buɗe ne kawai, ba a ce ta yi lafiya ba."

"Alkawari kaya ne, na kuma ɗauke shi a gaban mai barin duniya. Mutumin nan a bayansa ya sauko da ni daga dutse, ni dutse ɗaya kawai ya ce in sauko masa da shi."

Na ci gaba da magana, yana ta naɗe buhunsa. Can sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kuma ina so in ga ko suna nan a tsaye." Na san wannan ita ce rabin gaskiyar. Shekaru ya yi bai ga duwatsun nan ba, yana jin labarin ana farfasa duk abin da aka ce na mutanen dā ne, abin na cinsa kamar yadda rashin ɗa ke cin uwa. Ba zan mai da shi waliyyi ba don ya mutu. Ya tafi don Baba Tada, ya kuma tafi don kansa.

Sauran labarin daga bakin Buba muka ji. Sun isa lafiya, suka kwana a garin da ayarin ya tsaya, washegari wasu maharba suka raka su ƙauyen. Babu kowa a ciki, gidajen sun ƙone, ciyawa ta cinye hanyoyi. Suka hau sama suka iske duwatsun na nan. Buba ya zaɓi wani madaidaici daga gefen kabarin kakansa, Yaya ya sa a buhu ya ɗauka da kansa. Da suka sauko inda waya ke shiga ya kira Ya Falmata, ta ce ba ta taɓa jin muryarsa da daɗi haka ba tun da aka fara fitina. "Suna nan, Falmata," ya ce mata, "ko ɗaya bai faɗi ba."

A hanyar dawowa aka buɗe wa ayarin wuta a wata kwana cikin daji. Harsashi ya sami Buba a cinya, ya ja jiki ya shige ciyawa. Daga inda yake kwance ya hango Yaya jingine da tayar mota, jini ya jiƙa gaban rigarsa, ba ya motsi. Da aka koma wurin daga baya an iske motocin sun ƙone. Aka kwaso waɗanda aka samu, aka gane wasu, ba a gane wasu ba. Maza suka je suka duba, suka dawo suka ce ba su ga wanda za su rantse shi ne ba. Dutsen ma ba wanda ya sake ganinsa.

Malamai suka saurari shaidar Buba, aka yi wa Yaya salla babu gawa a gaba, Ya Falmata ta shiga takaba. Amma takaba daban, yarda daban. Shekara da shekaru, duk ranar da aka ce an kuɓutar da wasu daga daji an kawo su gari, sai ta yafa mayafinta ta tafi ta tsaya tana duba fuskokin tsofaffi. Ba ta cewa inda za ta, mu ma ba ma tambaya. In ta dawo sai ta shiga kicin ta hura wuta.

Ni kuwa fushi na yi da shi, fushi mai tsawo. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina kuma cewa a raina mutum mai ilimi kamar wannan ya bar mace da 'ya'ya saboda dutse. Abin da ya fara sassauta ni shi ne ranar da na ga wata maƙwabciyata ta dawo daga rakiyar 'ya'yanta maza zuwa ziyarar kabarin mijinta. A bakin katanga ta tsaya kamar yadda mata ke yi, amma ta san wajen da yake, ta san bishiyar da ke kusa da shi. Na ji kishinta ya kama ni. An koya mana cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci duk inda yake, ko a cikin kifi ne, na kuma yi imani da haka. Sai dai zuciya na son wurin da za ta fuskanta. A garin nan gidajen da suka yi zaman makoki ba su ga gawa ba ba su ƙirguwa, duk wanda ya fito daga irin wannan gida ya san abin da nake nufi. A ranar na gane abin da Baba Tada ya roƙa, na gane kuma abin da ya sa Yaya bai iya ɗora masa dutsen tifa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da ya ga ambaliyar da ta mamaye unguwanninmu, wadda ta shiga har maƙabarta ta baje kaburbura, maza suka je bayan ruwa ya janye suka dawo suka ce ba a gane na Alhaji, ba a gane na Baba Tada, wuri ya zama fili ɗaya. Ina jin a kan na Alhaji zai ce ƙasa ta karɓi kayanta, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. A kan na Baba Tada kuwa ban san yadda zai yi ba. Ruwan nan kuma ya shiga ɗakin zaurensa, ya jiƙa zane-zanen da ya yi shekaru yana tarawa, takardun suka manne suka zama kamar tuwo. Hoton matar nan mai jariri na ciki. Yanzu in ban da ni da Ya Falmata, babu wani mai rai da na sani wanda ya ga yadda aka ɗora hannunta a kan jaririn.

Da ya ji labarin masu bin tuddan firgi da diga suna tono tukwane da 'yan gumakan yumɓu don sayar wa baƙi, suna watsar da ƙasusuwa a rana, na san ba zai ci abinci ba ranar. Amma na san kuma ba zai tsine musu ba. Yakan ce yunwa ba ta san tarihi ba, wanda ya rasa gonarsa da garkensa, in ka ce masa kada ya taɓa tukunyar kakanninsa, sai ka faɗa masa abin da zai ci. Zai yi murna da ganin mutane na komawa ƙauyukansu. Zai yi baƙin ciki da jin cewa a wasu wuraren duwatsun kaburburan dā ake farfasawa a yi harsashin sababbin gidaje, domin su ne a kusa, an kuma riga an sassaƙa su. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana, amma Yaya ya tuna abin da ya fi bara nisa, bai kuma hana shi son mutanen zamaninsa ba.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa a ido. Babu kabari, babu takardu, alkawarin da ya tafi cikawa ma bai isa ba. Akwai ɗalibansa, waɗanda har yau wani zai tare ni a kasuwa ya ce shi ne ya koya masa cewa mutanen da suka riga mu ba dabbobi ba ne. Akwai 'ya'yansa. Akwai kuma abin da autarsa Yagana ta dawo da shi a ranin da ya wuce.

Yagana ma'aikaciyar jinya ce. Aiki ya kai ta kudu yin allurar rigakafi a ƙauyukan da mutane suka koma, cikinsu har da ƙauyen Baba Tada. Buba, wanda ya koma gida da ɗingishinsa, ya gane ta tun daga nesa. Da suka tashi aiki ya ce ta zo ya nuna mata wani abu. Suka hau har wajen da mutanen ƙauyen ke binne nasu. A ƙarshen jerin akwai sababbin duwatsu biyu kusa da juna, kowanne ya kai ƙugun mutum, babu rubutu a jikinsu. Buba ya ce a al'adarsu wanda ya mutu a nesa ba a kawo shi gida ba, akan kafa masa dutse ko da babu komai a ƙarƙashi. Da suka dawo, kafin su gama rufin ɗakunansu, maza suka haɗu da igiya da itatuwa suka jawo waɗannan. Ɗaya na Baba Tada ne.

"Ɗayan fa?" in ji Yagana.

"Na Malam ne."

"Amma Baba ba ɗan garin nan ba ne."

Buba ya ce, "A kan hanyarmu ya faɗi, da kayanmu a hannunsa. In ba namu ba ne, na wa ne?"

Ta ɗauki hoton a wayarta ta kawo. Ina gidan ranar da ta nuna wa mahaifiyarta. Na san dutse ba ya ƙara wa mamaci komai, ban kuma san abin da malamai za su ce a kan dutsen da ba kabari a ƙarƙashinsa ba. Ya Falmata ba ta tambayi wannan ba. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Akwai inuwa a wurin?"

Yagana ta ce akwai wata tsamiya, da yamma inuwarta na kaiwa kansu.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Malam ya sha rana a duniya."

Washegari ta aiko a kira ni. Na iske ta buɗe akwatin kayansa, wanda shekara tara ba ta bari kowa ya taɓa ba, wanda ko ranar ambaliya shi ta fara ɗorawa a ka ta bar nata. Ta fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa tana faɗin wanda za a ba, wannan limamin unguwa, wannan mai gadin makaranta, babbar rigar sallarsa kuma a aika wa Buba. Ni hula ta miƙo mini, wata tsohuwa da yake sawa in za shi dutse, bakinta ya rine da jar ƙasar da wanki bai fitar ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habibu a duk inda ƙasa ta rufe shi, ya jiƙan Baba Tada da Alhaji. Waɗanda har yau ke jiran nasu a bakin ƙofa, Allah ya sanyaya musu zuciya.